Lemun da ke Kan Bututu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Gidan wankan da marigayi maigidana ya bar mini ne ke neman gagarata. Ruwa na barin tukunya da zafi kamar ya saɓule fata, amma kafin ya bi bututun da ke binne a tsakar gida ya isa ɗakunan wanka, ya huce. Direbobin da ke zuwa da safe sun fara guna-guni. Ɗaya ya ce mini da shayi ne da tuni ya mayar. Wasu ma sun ɗauke ƙafa.

Mai gyaran famfo bai ga yoyo ba. Ya tona gefe, ya damƙo ƙasa ya matse, sai ga ruwa. Wai busasshiyar ƙasa tana tsare wa bututu zafinsa kamar bargo, jiƙaƙƙiya kuwa zuƙe shi take yi. Ya tambayi wa ke jiƙa wurin haka.

Wa kuwa in ba ni ba? Lemun tsamin da marigayi ya dasa mini a kan bututun yake. Shi sai ya ga dama yake ba shi ruwa. Ni tun da ya rasu nake kwarara masa safe da yamma, don nan kaɗai nake samun sanyin zuciya. In za a tono bututun a naɗe shi don ya riƙe zafi, saiwar lemun za a datse. In ba haka ba, in daina ban ruwa. Na rasa abin da ke mini daɗi.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Saƙonki ya iso, Allah ya bar zumunci.

Kin ce in ci gaba da ba lemun ruwa, Allah zai kawo wata hanya. Ban ji maganarki ba, na tsorata da rasa abincin yara. Na daina ba shi ruwa, na ce ai zai jure. Ashe na sangarta shi. Ganye ya naɗe, ya zube, ni da hannuna nake sharewa. Da na dawo da bokiti a guje, reshe ya riga ya bushe ƙayau. Wallahi da na sani da na rufe ɗaki biyu na lallaɓa.

Ruwa ya dawo da zafinsa, direbobi ma sun dawo. Jiya wani dattijo cikinsu ya fito yana goge kai, ya ce, “Madalla, yau kam kamar maigida na nan.”

Na amsa masa da murmushi, na shige ɗaki na yi ta kuka.

Ki gaida yara. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta