Gwiwar Hannun Ƙaninki

Lahore, Talata

Begum Nighat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin 'yarmu Mahnoor, ya kuma jaririn da kika bar mijinki na shekara ashirin da shida kika tafi Multan dominsa? Allah ya raya shi, ya tsare shi daga hancin dangin ubansa.

Ina sanar da ke, a matsayinki na uwar wannan gida, cewa jiya Litinin da ƙarfe huɗu da kwata aka kawo ƙarshen muhawarar da ta hana mu sakat mako biyu. An zaɓa wa ƙaninki Tauqeer tukunyar iska. Ni na zaɓa.

Kin san tun da kamfaninsu ya sallame shi ba abin da ke sauko da shi daga ɗakin sama sai wasan harbin fenti na ranar Lahadi. Abin da ba ki sani ba, kujerarsa a ƙungiya tana rawa. Mutum biyar ake so a gasar wata mai zuwa, su kuwa shida ne, kuma duk zagaye Tauqeer ake fara harbewa. Ba laifinsa ba ne. Mutumin da ke sunkuyawa kafin ya shiga ƙofar masallaci, ina zai ɓuya a bayan buhun iskar da 'yan wasa ke fakewa da shi? Hasumiya suke ce masa. Shugabansu, Dakta Haroon likitan haƙori, ya ce Lahadi biyu suka rage masa ya nuna kansa. Ana cikin haka wa'adin tsohuwar tukunyarsa ya ƙare.

Tukunyar nan, Begum, ita ke tura ƙwallon fenti, kuma ita ce gindin bindigar da ake dafawa a kafaɗa. Na ji saƙon muryarki cewa in kai shi wurin Masta Inayat tela ya auna hannunsa, tunda bai taɓa sayen rigar kanti ta yi masa daidai ba. Na saurara har sau biyu don ladabi. Yaƙi za shi, ba ɗaurin aure ba.

Shekara ashirin ina koyar da tarihi, kuma duk yaƙin da na karanta darasinsa ɗaya ne: wanda ya fi cin wuri shi ke fara faɗuwa. Dogo ba ya bukatar a ƙara masa tsawo. Saboda haka na ce da mai shagon kayan wasan ya ba mu mafi gajarta. Ya kawo wata kamar kwakwa. Ya buɗe baki zai yi magana, na yi masa bayanin yaƙin Panipat, ya rufe. Tauqeer ya ɗaura ta a bindiga ya ce, “Bhai jan, yayana, ji nake kamar na sa wandon yara.” Na ce masa haka ilimi yake, da farko matsewa yake yi.

Ki gaida Mahnoor da mijinta. Tukunyar shinkafar da kika ce kada in taɓa, na taɓa, amma har yanzu tana nan.

Mijinki,
Shafqat

Lahore, Litinin

Begum,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da mai jego da angon gida. Na gode da hoton. Hancin ya riga ya shigo, sai haƙuri.

Jiya na je filin da kaina, na tsaya bayan raga da shayina. Zan faɗa miki abin da ya faru ba ƙari ba ragi, don na san Dakta Haroon zai gaya wa matarsa, ita kuma ta kira ki.

Dabarata ta yi aiki ta wani ɓangare. Kan Tauqeer bai fito ba ko sau ɗaya. Sai dai da yake tukunyar gajera ce, kafin ya dafa ta a kafaɗa yatsansa kuma ya kai ga kunama, dole ya naɗe hannun nan nasa gida biyu. Hannun da aka naɗe kuwa sai ya nemi inda zai sa gwiwarsa. Ta leƙo daga gefen buhu, Begum, kamar fiffiken kazar da ake shirin gasawa. Zagaye huɗu aka yi, sau huɗu aka same ta. A na uku wani daga ɗaya ɓangaren ya ɗaga murya ya ce, “Hasumiya, ka shigar da barandarka ciki mana, mun gaji!” Har alƙalin wasa sai da ya juya baya yana dariya.

Da aka tashi Dakta Haroon ya kama gwiwar ya jujjuya ta kamar haƙorin da zai cire, ya ce, “Tauqeer Bhai, kai muna son ka. Wannan abar ce ba ta cikin ƙungiya.” Sannan ya dube ni ya ce, “Farfesa, a wane yaƙi aka yi wannan?” Na ce masa tarihi ba ya amsa tambayar gatse. Saura Lahadi ɗaya.

Har yanzu ina kan bakana cewa ka'idar lafiyarta ƙalau. Gwiwar hannun danginku ce ta fi ƙarfin littafi.

Amma akwai abin da ba na raha ba. A hanyarmu ta dawowa ni da Tauqeer, na tsaya na sayo nihari, farfesun naman nan, a wurin da yake so, ya ce ya ƙoshi. Yau da safe na kai masa shayi na tarar ya mayar da bindigar cikin jakarta ya tura ƙarƙashin gado, labule a sake kamar watannin baya. Ya ce, “Bhai jan, ka bari kawai. Duk inda na je ni ne wanda ya yi yawa.” Ni da nake magana awa biyu a aji ba takarda, sai na ajiye masa kofin na sauko.

Ki sa mu a addu'a. Kada ki kira shi tukuna.

Mijinki,
Shafqat

Lahore, Lahadi da yamma

Begum Nighat,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya, jariri kuma ya fara barin ku kuna runtsawa.

Ranar Laraba maɓallin rigata ya cire. Ina so ki lura da wannan, don shi kaɗai ya kai ni shagon Masta Inayat. Tauqeer kuma na tafi da shi ne don ya tuƙa babur, kin san ciwon bayana.

Muna zaune Masta ya ga tabon da ke gwiwar Tauqeer, shuɗi da kore kamar taswira, ya tambaya. Da ya ji labari ya cire allura daga bakinsa ya ce, “Farfesa Sahab, shekara goma sha biyar ina ƙara wa mutumin nan yadi a hannun riga, kai kuma rana ɗaya ka rage masa?” Ya ce Tauqeer ya lanƙwasa hannu. Ya sa tef ɗin awo daga cikin lanƙwasar gwiwar zuwa tafi, ya yanko ƙyallen shuɗin yadi daidai tsawon, ya miƙo min. Ya ce, “Kowa da kamunsa. Ku je da wannan, ku bar Panipat a gida.” Ban san wa ya gaya masa zancen Panipat ba, amma ina da wadda nake zargi.

Muka koma shagon tukwanen da ƙyallenmu. Muka bi tukwane ɗaya bayan ɗaya muna gwadawa kamar masu sayen labule, har muka dace da wata siririya doguwa. Tauqeer ya ɗaura ta, ya sa gindinta a lanƙwasar gwiwarsa, yatsa ya sauka kan kunama ba miƙa ba naɗi. Mai shago ya ce abin da ya so faɗa min ke nan tun ranar farko. Na ce ai da ya faɗa. Ya ce ya gwada.

Yau aka buga. Da ya dafa bindiga gwiwar ta kwanta a jikin haƙarƙarinsa kamar an ɗinke ta. 'Yan ɗaya ɓangaren suka yi ta zuba fenti a gefen buhu, inda suka saba samunta, babu kowa. Kuma dogon hannun nan da dogon wuya, ashe suna da amfani: yana hango wanda gajeru ba sa gani. Ya fitar da mutum uku, har da mai zancen baranda. A zagayen ƙarshe an same shi a ka, don tela bai da maganin wannan. Dakta Haroon ya rubuta sunansa cikin biyar.

Yanzu haka yana ƙasa yana cin gurasar paratha ta huɗu, yana ba maƙwabcinmu labarin da ni ma na gani, amma mutum ukun sun zama biyar. Ƙyallen yana ɗaure a jakarsa. Kwakwar kuma tana kan teburina, ina danne takardun jarrabawa da ita, kuma a nan ba ta da na biyu.

Begum, ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Na rubuta sau ɗaya, a takarda, don kada ki samu muryar da za ki kunna wa 'yan'uwanki.

Ki dawo da wuri. Maɓallin ma da kaina na tsinke shi.

Mijinki,
Shafqat