Na ce masa ya ɗauki motar, sannan na musanta gaban patoronsa

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma don Allah kafin kowa ya zage ni ya karanta har ƙarshe, don na san na yi laifi, amma ba haka kawai na tashi na yi shi ba.

Ni mai garka ne a Gamkalley, nan Yamai, salati da shu, wato kabeji, da karoti nake nomawa a bakin kogi ina kai wa otal-otal da masu abinci. Ban yi lakkol mai nisa ba, boko kaɗan na taɓa, amma alhamdu lillahi ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Matata malamar makaranta ce a Harobanda, kullum sai na goya ta a moto, wato babur, mun haye gada, rana da ruwa duk a kanmu. Shekara da shekaru ina da buri guda, in saya mana ƙaramar mota sabuwa dal, mai leda a kujeru, wadda ba wanda ya taɓa zama a cikinta. Abokaina suka yi ta cewa in sayi okaziyo ta Kwatano kamar kowa, na ce a'a, na gaji da saka abin da wani ya tuɓe. Da Allah ya hore, Inna, mahaifiyata da ke zaune a gidana, ta ce kada in je ko'ina sai kamfanin da ɗan yayanta yake aikin sayar da motoci, don ɗan'uwa ba zai cuce ni ba. Bari in kira shi Sani, ba sunansa ba ne.

Sani taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawana yake kirana. Kun san al'adar, taubashi ya faɗa maka duk abin da ya ga dama, in ka yi fushi kai ne abin dariya. To ni na sha wannan wasa har na ƙoshi. A suna, a biki, a zaman makoki ma, sai ya samu abin faɗa a kan farcena da kaushin ƙafata, jama'a su kwashe da dariya, ni ma in yaƙe haƙora. In na rama bakina bai kai nasa kaifi ba, in na yi shiru a ce na tsargu. Amma ku gaya mini, wasa ne idan kullum mutum ɗaya ke dariya ɗaya na haɗiye zuciya?

Ranar da muka je kamfanin na yi wanka na sa shaddata mafi kyau, matata ta yi kwalliya kamar za ta gidan biki. Muna tura ƙofar gilashin nan, sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya buge mu, sai muryar Sani daga can cikin biro, ofishinsu ke nan, wai a toshe hanci ga taki ya iso. Abokan aikinsa maza da mata suka yi dariya. Na ce a raina haƙuri, yau ranar farin ciki ce. Ya kai mu wurin wata ƴar ƙaramar mota fara, wallahi tun da na gan ta na ji ta shiga raina. Na kama ƙofa zan zauna in ji yadda take, sai ya riƙe mini hannu, ya koma teburinsa ya ɗauko jarida, ya shimfiɗa a kan kujerar da ke da leda tun asali, ya ce:

"To yanzu zauna, bawana, kada ka shafa wa mutane taɓon kogi."

Gaban matata, gaban wani Alhaji da ya zo duba mota da iyalinsa. Na zauna a kan jaridar nan, jama'a, na zauna! Har yau in na tuna ƙarar takardar a ƙarƙashina sai in ji wuyana ya yi zafi. Sannan ya juya faransanci da abokansa suna ta ƙyaƙyatawa. Ni ba na ji sosai, amma matata malama ce, na ga fuskarta ta canza. A hanya na tambaye ta ta ƙi faɗa, sai da na tsayar da moto a bakin titi na rantse ba za mu motsa ba. Ta ce cewa ya yi nan da sati guda motar za ta koma amalanken ɗaukar kashin shanu, kuma wai abin tausayi ne mace mai ilimi ta ƙare a hannun mai ban ruwa. Tana faɗa tana share hawaye da bakin mayafi. Wannan ma wasan taubasai ne? Matata taubashiyarsa ce?

Duk da haka na saya, don Inna ta ce can, kuma motar ta kwanta mini. Aka ce sai ta yi kwanaki a wurinsu kafin takardu da lamba su fito. Ran Juma'a da yamma ina cikin garka sai ga saƙon murya daga Sani, yana dariya, wai bawa ba shi da dukiya, abin bawa na ubangidansa ne, don haka gobe Asabar zai ɗana motar zuwa Kollo sunan dangin matarsa, in ce to kawai. Na tsaya da butar ban ruwa a hannu. Motar da ban ko tuƙa ba, motar da nake so Inna ta zama ta farko da za ta shiga ta sa albarka. Na buɗe baki zan ce a'a, sai wani abu ya faɗo mini a rai, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ni ne da kaina. Na san dokar kamfaninsu ta hana ma'aikaci fita da motar da aka riga aka sayar, shi ya taɓa faɗa yana cika baki. Ban mayar masa da saƙon murya ba, don kada shaida ta zauna. Na bari sai da na isa gida na kira shi, na ce:

"Haba ubangidana, har sai ka tambaya? Ɗauka mana."

Matata na zaune kusa da ni tana gyaran takardun ɗalibai, ta ɗago ta dube ni da mamaki.

Ran Talata aka kira ni in zo in karɓa. Na je ni kaɗai. Na zagaya motar a hankali kamar mai duba saniya a kasuwa, na leƙa kontar, kilomet saba'in da ɗoriya, ledar kujerar gaba ta yage, ga ƙamshin turaren mata a ciki. Na ce ba zan sa hannu ba sai na ga patoron, wato shugabansu. Sani yana ta dariya, yana zaton ramuwar wasa ce. Da patoron ya fito na ce masa ni sabuwar mota na saya, a bayyana mini wanda ya yi yawo da ita. Sani ya ce ai shi ne, kuma da izinina, ɗan'uwansa ne ni. Patoron ya juyo ya tambaye ni ko haka ne. Na dubi Sani ido cikin ido na ce ban san zancen ba. Ya ciro waya ya kunna saƙonsa, aka ji muryarsa yana kirana bawa yana cewa abina nasa ne, aka nemi amsata ba a samu ba. Da hannunsa ya ƙulla wa kansa igiya. Ya ce na kira shi, na ce eh na kira, na ce masa kada ya kuskura. Ya fara gumi cikin kilim ɗin nan, faransancin ya gudu, ya koma Hausa yana cewa in ji tsoron Allah. Abokan nan nasa masu dariya kowa ya sunkuyar da kai a kan teburinsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗin da na ji a wannan rana ban ji shi ranar aurena ba. Na tuƙo motar na bi ta Gaweye a hankali ina kallon kogi, ina cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Na ɗauka za a yi masa faɗa ne a gaban mutane, ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana, shi ke nan. Ashe dakatar da shi aka yi. Patoron ya ce in na rubuta cewa da izinina ya ɗauka, zai tsaya a gargaɗi, in ba haka ba ƙarshen wata kora ce, kuma ba kamfanin mota a Yamai da zai ɗauki wanda aka kora a kan taɓa motar mai saye. Sani na da ƴaƴa huɗu, kuma shi ke riƙe da mahaifinsa.

Ya yi ta kirana ban ɗauka ba. Matarsa ta zo wurin matata tana kuka. Ita kuwa matata tun da motar ta shigo gida ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba, taksi take shiga zuwa Harobanda. Na ce mata don ke fa na yi, ta ce ba ta aike ni ba, kuma in aka tambaye ta ba za ta fallasa ni ba, amma ba za ta yi ƙarya ba. To me ke nan? Ba ita ta yi kuka a bakin titi ba?

Shekaranjiya Kawu, mahaifin Sani, ya taso tun daga Ƙonni da ciwon ƙafarsa. Ya zauna a tabarma tsakar gidana, aka kawo ruwa bai sha ba. Ya ce ya san bakin ɗansa ba shi da linzami, ya ba ni haƙuri a kan duk abin da ya taɓa faɗa mini, amma Sani ya rantse masa na ba shi izini, kuma shi bai san ɗansa da rantsuwar banza ba. Ina sunkuye, sai Inna ta fito daga ɗaki. Tun da nake ban taɓa jin ta ɗaga wa yayanta murya ba. Ta ce:

"Yaya, ni na haifi wannan, ni na goye shi. Talaka ne, amma bai taɓa yi mini ƙarya ba. In ya ce bai ba shi ba, to bai ba shi ba."

Kawu ya ce to in dafa Alƙur'ani gaban dangi, in na dafa shi zai sallama, a kori ɗansa. Kafin in buɗe baki Inna ta amsa a madadina, ta ce zan dafa, ran Juma'a bayan an sauko masallaci, a tara kowa. Kawu ya tashi ya tafi ko sallama bai yi mata ba. Ita kuma ta aika an gaya wa dangi duka, tana ta murna za a wanke ɗanta.

Jama'a, har yanzu da nake rubutun nan ban ji tausayin Sani ba, in na tuna shi zuciyata tafasa take, kuma wani ɓangare nawa yana so ya gan shi yana yawon neman aiki a ƙasa cikin rana. Amma ƙarya gaban patoron daban, dafa littafin Allah daban, wannan kam ba zan iya ba. In kuma na faɗi gaskiya, Sani ya koma kujerarsa yana dariya, Inna ce za ta tsaya gaban yayanta da duk dangin da ta tara da bakinta, ta ji ɗan da ta tsaya masa yana cewa ƙarya ya yi. Yau Laraba. Ɗazu ta sa an wanke mini farar rigata an goge, wai ita zan sa ranar. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?