Agogon da Na Gyara Ya Sa Unguwa Shan Ruwa da Sauran Rana

Malam, ka taimake ni da shawara.

Ni Kirista ne daga Filato, shekarata goma sha tara ina gyaran agogo a Haɗeja, ba a taɓa kuka da ni ba. Ana jibi azumi Alhaji Fannami, wani mai fataucin kifi, ya kira ni zaurensa. Yana da dogon agogon nan na katako mai tsayawa a ƙasa, wanda ke buga ƙararrawa duk minti goma sha biyar. Baya yake yi. Na kwance cikinsa, na wanke, na sa mai, na ɗaga notin da ke ƙarƙashin ƙarfen lilon don ya ƙara sauri. Ya kamata in koma in gwada shi. Aiki ya yi mini yawa, ban koma ba.

Jiya na biya, na duba shi da agogon hannuna da nake saitawa da rediyo. Malam, minti ashirin yake gaba! Ashe na zarce da notin. Ina tsaye sai Alhaji yake yaba mini, wai Malam Kawu, ladanin masallacinsu, idonsa ya yi rauni, kuma da hadarin daminar nan ba a ganin faɗuwar rana, don haka in ya ji agogon ya buga bakwai saura kwata sai ya kira magariba. Unguwa duka da kiransa take shan ruwa. Sai na yi masa sallama, na fito.

Zan iya mayar da notin ba wanda ya sani. In na faɗa, ina tsoron a ce da gangan na yi don ba addininmu ɗaya ba. 'Ya'yana nan aka haife su.

Mai Gyaran Agogo, Haɗeja

AMSA

Ɗan'uwa, lamarin nan babba ne. Tsoronka ba na banza ba ne, wani zai iya faɗin magana marar daɗi. Amma azumin nan na mutane ne, ba ka da ikon ɓoye musu abin da ya same shi. Kuma ranar da kiran salla ya ja baya da minti ashirin, za a tambayi dalili.

Ka je wurin Alhaji yau kafin la'asar, ku biyu kawai. Ka faɗa masa yadda ka faɗa mini, har da rashin komawarka. Shi zai kai ka wurin liman. Ko za a rama ko ba za a rama ba, wannan na malamai ne. Ka roƙa kada a ɗora wa Malam Kawu laifi.

Sannan ka saita agogon, ka sassauto notin kaɗan kaɗan, ka riƙa zuwa kullum kana gwada shi da rediyo har salla.

Mutanen da suka zauna da kai shekara goma sha tara sun san halinka. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa su fahimce ka.