Sitiyarin Rama

Zuru, 9 ga Fabrairu, 2006

Zuwa ga 'yata Beatrice,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya. Japhet direba ya kawo mini wasiƙarki ranar kasuwa. Na karanta ta sau biyu, na biyun don in tabbatar idona bai yaudare ni ba a kan sunan malamin da ke kula da aikinku. Dakta Muntaka. To, zauna ki ji abin da ubanki, ƙanena, ya mutu bai gaya miki ba.

A watan nan shekara ashirin da biyu ke nan cif da mutumin nan ya cuce ni. A 1984 makarantar koyon sana'a ɗaya muke koyarwa, ni aikin katako da ƙarfe, shi lissafi da zane. Shekara uku na yi ina gwada haɗa zaren rama da gam, irin mai ruwa biyun nan da ake gyaran jikin mota da shi, har na fitar da ƙotar garma wadda ba ta kai rabin nauyin ta itace ba, kuma ƙato ya hau kanta ba ta karye ba. Aka kira baje kolin ƙere-ƙere a Kaduna. Satin ne kakarki ta rasu, na tsaya jana'iza, na ba Muntaka ƙotar ya kai a madadina. Ya dawo da takardar yabo mai sunansa shi kaɗai. Da ita ya sami gurbin karatu a Turai. Ni kuwa, da na fi shi maki a kowace jarrabawa tun muna aji ɗaya, ga ni a rumfa bayan tasha ina liƙa fasassun bambar motocin haya.

Kin ce ku ɗalibai bakwai kun ƙera ƙaramar motar tsere da bututun ƙarfe da injin babur, za ku kai ta gasar jami'o'i a watan Satumba, ke za ki tuƙa don kin fi kowa rashin nauyi, kuma sitiyarin tsohuwar mota da kuka ɗaura ya yi muku nauyi. Zan yi miki wani. Amma da sharaɗi. Abin da na yi zan aiko, yadda na yi shi kuwa yana cikin kaina, can zai zauna. Muntaka ƙota ya tafi da ita, bai tafi da sanin ba, shi ya sa har yau bai sake yin wata ba.

Ki kwaɓa yumɓu, ki mulmula guda biyu, ki damƙe su kamar kina tuƙi. Ki shanya a inuwa, ki aiko mini tare da awon faɗin da kuke so.

Ki gaida abokan aikinki. Shi kada ki gaishe shi.

Naki, Baba Kefas


Jami'a, 2 ga Maris, 2006

Babana,

Ina gaisuwa da ladabi. Yaya ƙafar? Ina fata ka daina tsayuwa a rana kana faɗa da direbobi.

Labarin da ka ba ni ya hana ni sakewa kwana biyu. Sai in ga Dakta a aji yana zane a allo, in rasa yadda zan dube shi. Amma Baba, mu dai ba mu ga mugunta a wurinsa ba. Da hannunsa yake riƙe mana ƙarfe idan muna walda.

Ga yumɓun nan a cikin kwalin madara, na naɗe da tsohon zane. Lokacin da nake damƙar shi a bayan ɗakin aiki, Markus, wanda ke kula da injinmu, ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Ke 'yar Zuru, tukunya za ki gina mana ko mota?" Na ce masa in ya ga abin da babana zai aiko, shi da kansa zai nemi a auna nasa hannun, sai dai babu yumɓun da zai ishi wannan tafin hannun nasa mai faɗin faranti. Har yanzu Faranti ake kiransa.

Faɗin da Markus ya auna inci goma sha ɗaya ne. Motar ta tashi jiya, ta yi tafiyar taku hamsin, ta mutu. Mun yi murna kamar mun ci gasar.

'Yarka, Beatrice


Zuru, 20 ga Mayu, 2006

'Yata Beatrice,

Bayan gaisuwa, ga sitiyarinki. Na ce wa Japhet ya ajiye shi a gaba kusa da shi, in ya sa shi ƙarƙashin buhun dawa ni da shi ne.

Kada ki ga ya daɗe. Abin ba ya son gaggawa. Tsakiyarsa farantin alminiyom ne, na huda ramuka shida yadda kuka zana. Sauran duk rama ce da gam, shimfiɗa tara, kowace ta gitta wadda ke ƙarƙashinta. Inda za ki riƙe kuwa daga yumɓunki na fitar da shi, kowane yatsa da gurbinsa. Ɗan ƙaramin yatsanki na hagu har yanzu a karkace yake, tun faɗuwar da kika yi daga bishiyar mangwaro, na bar masa wurinsa yadda yake. Ba wanda zai riƙe sitiyarin nan ya ji daɗinsa sai ke.

Na rataye shi a reshe, na sa Japhet ya yi lilo da shi. Kin san girman Japhet. Da ya sauko yana haki ya ce, "Malam, wannan ramar da muke kwaɗo da ganyenta?" 'Yan tasha suka taru suna juya shi, wani ya ce in yi wa bas ɗinsa. Na ce ya fara gyara birki tukuna.

Na daɗe ban yi aikin da na kwanta ina tunaninsa ba. Wannan na gode miki.

Naki, Baba Kefas


Jami'a, 24 ga Yuli, 2006

Babana,

Ina gaisuwa. Sitiyarin ya fi abin da na yi zato. Wata biyu ina tuƙi da shi, ko sau ɗaya hannuna bai zame ba. Ranar da ya iso Dakta ya ɗauke shi ya daɗe yana shafawa, ya ajiye ya fita.

Amma Baba, an sami matsala, kuma laifinmu ne. Dokokin gasar sun iso makon jiya. Dole direba ya iya fita daga motar cikin daƙiƙa biyar, saboda gobara. Na gwada sau ashirin, gwiwata tana maƙalewa a ƙasan sitiyarin, mafi saurina daƙiƙa takwas. Sai an mai da shi inci tara. Markus ya auna wurin zama babu mutum a ciki, yanzu ko ido ba ya haɗawa da ni.

Ranar 19 ga Agusta masu gasar za su zo duba mota. Wadda ba ta cika doka ba, ba za ta je ba. Na san ba za ka gama wani ya iso kafin nan ba. Muna da gam, rama kuma tana nan a kasuwa. Don Allah Baba, ka rubuto mini yadda ake yi. Na tuna sharaɗinka. Ni nake roƙo, ba shi ba.

'Yarka, Beatrice


Jami'a, 24 ga Yuli, 2006

Malam Kefas,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na san ganin rubutuna ba zai yi maka daɗi ba. Beatrice ba ta san na sa wannan a hannun direba tare da tata ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba bayan shekarun nan. A Kaduna sunayenmu biyu na rubuta. Magatakarda ya ce mutum ɗaya ake ba takarda, ya tambayi wanda ya kawo kayan, na ce ni ne. Da aka kira sunana a gaban jama'a ina iya buɗe baki, ban buɗe ba. Daga baya kuma kunya ta hana, sannan nisa ya hana. A Turai sau da yawa na gwada yin irin ƙotar, kullum zaren sai ya rabu da gam. Na sani tun ran nan cewa akwai abin da kake yi wa ramar wanda ban gani ba.

Ka zo ka koya wa yaran da kanka, zan tsaya a waje. Ko ka rubuto, a buga da sunanka a jikin motar da cikin rahoton. In kana so in faɗi gaskiyar 1984 a gaban shugaban sashe, zan faɗa.

Allah ya huci zuciyarka.

Muntaka


Zuru, 30 ga Yuli, 2006

Beatrice,

Na gaishe ki. Wasiƙu biyu sun zo mini a hannu ɗaya, kuma na gane dabarar. An turo ke gaba da kuka, shi yana biye da tuba. Mutum ya yi shiru shekara ashirin da biyu, sai ranar da yake bukatar abin da ke kaina bakinsa ya buɗe. Sunana a jikin mota. Me zan yi da shi yanzu? Lokacin da sunan zai kai ni wani wuri, an hana ni.

Zan yi miki mai inci tara. Ga damina, iska duk danshi, sati shida zai ɗauka, kwana ɗaya ba zai ragu ba. In masu gasa ba za su jira ba, akwai baɗi.

In kuma gaggawa kuke yi, ai kuna tare da gwani. Yana da takarda daga Kaduna da ta ce shi ya ƙirƙiro aikin rama da gam. Ya ɗauko ta ya karanta muku.

Baba Kefas


Jami'a, 17 ga Agusta, 2006

Malam Kefas,

Bayan gaisuwa. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Beatrice tana asibitin koyarwa, ɗakin mata masu karaya. Tana magana, ta san kowa. Hannunta na dama ne.

Bana ce shekararsu ta ƙarshe, babu baɗi a wurinsu. Da amsarka ta zo, suka sayo rama suka yi wani da kansu, suna duban naka, shimfiɗa tara kamar yadda ka rubuta mata. Na hana su, sannan na bari, don da ya bushe ba ka iya bambanta shi da naka. Mun ɗora masa buhun siminti bai motsa ba. Ta fita daga motar cikin daƙiƙa huɗu, suka yi ta tafi.

Jiya da safe tana gwaji a filin bayan sashe. A zagaye na shida, a kwana, sitiyarin ya ɓare gida biyu a hannunta. Motar ta daki bakin kwalbati. Hannun ya shiga tsakanin farantin da ƙarfen gaba. Na ɗauki ɓallin na duba, zaren ya zare daga gam fari fat, kamar yadda yake yi mini a Turai. Na san wannan, kuma na bari ta hau. Wannan nawa ne.

Likitoci sun ce sai sun ga kwana uku. Ta ce kada a gaya maka. Ka zo.

Muntaka


Zuru, 28 ga Agusta, 2006

Muntaka,

Na gaishe ka. Na zo ranar Talata, na hango ka a bakin ɗakin, na bi ta ɗaya ƙofar. Da ta gan ni cewa ta yi, "Baba, ka sha hanya. Ka ci abinci?"

Rama tana da maiƙo a jikinta wanda gam ba ya kamawa. A jiƙa ta cikin ruwan tokar karan dawa kwana biyu, a ɗauraye sau uku, a rataye a saman murhu har sai ta yi ƙara in an murza. In da sauran danshi ko kaɗan, kada a sa gam. Shi ke nan. Abin da na riƙe ke nan. Ka koya wa wanda ka ga dama, ka sa sunan da ka ga dama.

Ka ce naka ne. Ba naka ba ne kai kaɗai. Na san za su gwada, na kuma san inda zai ɓare.

Ka huta lafiya. Ranar Laraba da safe aka shiga da ita ɗakin tiyata. Sun cire babban yatsa da manuni na hannun dama.

Kefas