Na Naɗa Hop Kamar Waken Gida

Hallertau, 9 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Floarea,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Baba, da ciwon ƙafar Mama? Ni lafiya ƙalau, abinci har da ragi, kada ku damu. Gwiwoyina ne kawai ke ɗan ƙorafi.

Yaya, na yi abin kunya. Ranar da muka fara ɗora yaɗon hop a kan waya, wannan tsiron da ke ba giya ɗacinta, mai gonar, tsoho Alois, ya zo zai nuna mini. Na ce, "Haba maigida, ɗan Ilie mai wake za a koya wa naɗi?" Ya ce, "To, gwani, ga fili."

Ashe hop ta hannun da rana ke bi yake naɗuwa, wake kuwa akasin haka. Wuni biyu ina naɗa shi irin na gida, har da fito. A rana ta uku muka tarar da tsiran kunya goma sha ɗaya sun warware, wasu a ƙasa, kawunansu sun karye.

Da ma zagina ya yi! Sai kawai Alois, mutum mai shekara saba'in, ya durƙusa cikin taɓo kusa da ni, muka sake naɗawa har yamma. Da muka tashi ya miƙo mini giya, ya ce, "Sha, gwani, da hop ɗin bara aka yi ta, ba ka taɓa shi ba." Kowa ya yi dariya.

Ki aiko mini da man zafin Mama. Allah ya bar mu tare. Don Allah kada Baba ya ji. Ba naɗin wake kaɗai ya koya mini ba, ya koya mini tambaya ma.

Ƙaninki,
Dorel