Kwalbar da Muka Binne a Bayan Rumbu

Zuwa ga shugaban da ke da ikon tura likitocin yankinmu ƙaro karatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki da jama'a. Ka yi mini afuwa, ban san sunanka ba, ban san ƙofar ofishinka ba. Shi ya sa na roƙi malaminmu na firamare ya sa wannan takarda inda mutane ke karantawa, ko Allah zai sa ta iso gare ka. Shi ya gyara mini rubutun, amma maganar tawa ce.

Sunana Hauwa'u. Ƙauyenmu yana bayan Sakajiki, a ƙasar Kaura Namoda. Aji shida na gama, ban ci gaba ba. Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, in an tambaye ni abin da na sani, sai in sunkuyar da kai. Wannan halin nawa yana cikin abin da ya jawo maganar da zan faɗa.

Na ɗaya. Bara, kafin shuka, Innata ta ji ƙululu a nononta na hagu. Muka kai ta wani asibiti inda likita ɗaya ce tak, Dakta Sa'adatu. Ni na yi jinya. Ranar da aka yi wa Inna aiki, Dakta ba ta fito ba, don an shigar mata da mai naƙuda. Wani ma'aikaci ne ya miƙo mini kwalba da ruwa mai wari a ciki, da abin da aka cire, da takarda a naɗe. Ya ce ga namu, ya wuce. Takardar da Turanci take, sunan Inna kawai na gane. Na so in tambaya me za a yi da ita, bakina ya ƙi buɗewa.

Na kai wa Baba. Baba ya yi abin da ya sani. A wurinmu, duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ba a yar da shi, binne shi ake yi. Ya zubar da ruwan, ya wanke naman, ya naɗe shi da farin ƙyalle, ya yi bisimilla ya binne a bayan rumbu. Kwalbar ma ya sa ta a ramin. Har ya ce masu asibitin nan sun san mutunci, tunda sun mayar mana da abinmu.

Bayan mako biyu muka koma. Dakta ta tambayi sakamakon gwaji. Muka kalli juna. Da Baba ya faɗa mata, ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye biro. Sannan ta yi mana bayani cewa kwalbar ta ɗakin gwaji ce a babban birni, a can ake duba naman a san ko ciwon daji ne, a kuma san wane iri ne, domin kowane iri da maganinsa. Baba ya ce zai je ya tono. Ta ce ba zai yi amfani ba yanzu.

Ciwon ya dawo cikin damina, a lokacin da hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Kafin mu samu fita ya kai hammata. Dakta ta nemi a sake ɗiban nama, Inna ta ce wuƙa ɗaya ta ishe ta. Ta rasu bayan an yanke dawa. Har yau ba mu san sunan abin da ya ɗauke ta ba. Baba ya daina bi ta bayan rumbu, zagayawa yake yi.

Na biyu, kuma shi ne dalilin da na nufo ka. A watannin jinya na ga Dakta tana da wani littafi mai baƙin bango. Duk macen da ta zo da ƙululu sai ta rubuta shekarunta, da garinsu, da haihuwa nawa ta yi, da ko wata a danginta ta taɓa yin irinsa. Akwai matan Katuru, akwai na Shinkafi, akwai na Zurmi, har da matan rugage. Wata rana Inna ta tsokane ta, ta ce ko ƙidayar gwamnati take yi a ɓoye. Dakta ta yi dariya, ta ce tana ganin matan da ke zuwa mata ba su kai shekarun da littattafanta suka faɗa ba, kuma littattafan ba a kan matanmu aka rubuta su ba. Ta ce tana so ta gano dalili, amma an koya mata warkarwa ne, ba a koya mata bincike ba, kuma ba ta da babba da zai duba littafin ya ce mata nan daidai ne, nan kuskure ne. Ta kuma ce mu ba mu ne farkon waɗanda suka binne kwalba ba.

Daga baya na ji ta samu gurbin koyon binciken ciwon daji a wurin wani babban malamin likitoci, amma ba a sake ta ba, don babu wanda zai zauna a madadinta. Littafin yana nan cikin durowa yana cika.

Na uku. Yayata Zulai, wadda ke goyon ɗa na biyu, ta ja ni ɗaki watan jiya ta ɗora hannuna a nononta. Na ji shi, kamar ƙwallon magarya. Ta ƙi zuwa asibiti. Ta ce an yanka Inna kuma Inna ta mutu, matan unguwa kuma sun gaya mata wuƙa ce ke tayar da ciwon. Na ce mata ba haka ba ne. Ta ce to, in nuna mata mace ɗaya a ƙasar nan da aka yi wa aiki ta rayu. Ban san kowa ba. Wataƙila suna nan, amma babu wanda ya bi su ya rubuta. 

Ranka ya daɗe, ga roƙona. A saki Dakta Sa'adatu ta je ta koyo, a haɗa ta da babban da zai riƙa duba aikinta, a kuma yi sharaɗin ta dawo mana. A turo wani likita ya riƙe wurin kafin ta dawo. A daina ba masu jinya kwalba a hannu ba bayani. In asibiti ba zai iya kai ta da kansa ba, a faɗa mana da Hausa, a maimaita, ko da mun gyaɗa kai.

Na san abin da nake roƙo yana iya cutar da mu. In ta tafi ba a turo kowa ba, wa zai duba Zulai? In kuma ta zauna, za ta ci gaba da yanka da rubutu, mu ci gaba da binnewa. Na rasa wanne ya fi. Kai ne za ka iya sa kada mu zaɓa.

Takardar da aka ba ni tana nan cikin jakata ta makaranta. Malam ya karanta mini ita bayan sadakar arba'in. Layi huɗu ne kawai, na cewa a kai kwalbar ɗakin gwaji. In Zulai ta yarda aka yi mata aiki, kwalbar ba za ta bar hannuna ba sai a ɗakin gwaji. Amma har jiya da na sake roƙonta, ta juya mini baya ta ci gaba da ba yaron nono.

Allah Ya taimake ka a kan aikinka, Ya kare iyalinka daga wannan ciwo, Ya sa takardata ta same ka da wuri.

Wassalam.

Hauwa'u, ƙanwar Zulai