Babin da Ya Rage a Ɗakin Masu Tari

Zuwa ga 'yata Sista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya ɗawainiya da marasa lafiya? Allah ya biya ki.

Na iso gida lafiya. 'Yar autata ta goge keken ɗinkina ta lulluɓe shi, ta ce kada in kuskura in taɓa shi sai ƙirji ya yi ƙarfi. Magani ina sha yadda kika ce. Kunnen hagun nan da allurai suka kashe dai bai dawo ba. In aka kira ni a waya sai in ji kamar daga cikin rijiya ake magana, shi ya sa na ɗauki biro.

Ki ji abin kunya. Duk zaman da na yi a ɗakin nan naku na masu tari, roƙon Allah nake ya fitar da ni. Yanzu kuma da la'asar ta yi sai in ga ina gyara zama, ina jiran ki jawo kujera tsakanin gadaje ki buɗe mana tsohon littafin nan mai yagaggen bango. An sallame ni a tsakiyar labari. Na bar matar nan mai masaukin baƙi a bakin teku tana jiran ɗanta da ya bi jirgin ruwa, ruwa kuma yana cin gaɓa yana matso mata. 'Yarta tana cewa su tashi. Sun tashi kuwa?

Kuma me maƙwabciyata ta gadon bakin taga ta ce? Uwar Gardama nake nufi, wa kuma! Matar da ta ƙare rayuwarta tana sayar da kwanuka a kasuwa, ai ba a raba ta da ciniki ko a kan labari. Ki ce mata har gobe ina nan a kan bakana: matar nan uwa ce ta gari. Na bar mata aron littafina na hotunan saƙa da ɗinkin hannu na mutanen da, ta riƙe shi amana, kada ta ɗora kofin shayi a kai.

Ki gaishe min da kowa gado-gado.

Mamanki,
Mai Ɗinki

*

Zuwa ga Mama,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, na ji daɗi ƙwarai da kin samu sauƙi. Ki ci gaba da shan magani ko kin ji garau, kin san halin ciwon nan.

Karatu muna yi. Ba su tashi ba, Mama. Ruwa ya cinye lambun bayan gida, baƙi sun daina sauka a masaukin, amma matar kullum sai ta shimfiɗa gadon ɗanta. Wani mai gyaran raga ya fito yana neman 'yar, uwar ta ce a jira wanta ya dawo.

Ɗalibar nan ta gadon kusa da ƙofa ta ce littattafan zamanin da sun cika jan rai, shafi guda ana kwatanta gajimare. Sauran suka taso mata, suka ce ina take sauri za ta, ita da ko bakin baranda ba ta iya kaiwa. Aka yi ta dariya har tari ya sarƙe mutane.

Uwar Gardama kuwa ai kin san bakinta. "Wannan ba uwa ba ce, mai taurin kai ce. Ta ajiye rayayyiya tana yi wa wanda ba ya nan shimfiɗa. Ke dai karanta, Sista, ba ki san mutane ba."

Ki huta lafiya. Ki gaida ƙanwata, autarki.

'Yarki,
Sista

*

Zuwa ga 'yata Sista,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta yi min magani fiye da ƙwayoyin nan masu sa fitsari ja.

Ki karanta wa Uwar Gardama wannan da ƙarfi: wanda bai taɓa tsayawa a ƙofa yana duban hanya ba, shi ke kiran jira taurin kai. In yaron ya dawo ya tarar babu gida babu uwa, wa zai tambaya? Kifi?

Haka ta yi min a kan littafina na saƙa. Na nuna mata wani bargo da aka saƙa tun kafin a haifi kakanninmu, an baje shi cikin gilashi, ina cewa dubi hannu, dubi haƙuri. Ta kalla ta taɓe baki ta ce bargon da ba ya rufe kowa ai likkafani ne. Ranar ban yi mata magana ba sai da aka kawo abinci. Amma da na juya baya ina jin ta tana buɗe shafukan a hankali.

Zan faɗa miki wani abu, kada ki ce tsufa ne. Shekaranjiya da safe ina haɗiyar magani, sai na ji muryarta tar a kunnen nan da ya mutu: "Mai Ɗinki, kin cika son a tausaya wa mutane." Har na waiwaya. Babu kowa sai labule. Na yi dariya ni kaɗai, na ce matar nan ko daga nesa ba ta barin mutum ya sha ruwa.

Na saci allura da zare, ina yi mata rigar matashi da irin zanen bargon nan da ta zaga. Ta kwana a kan likkafanin nata, mu ga ƙarya.

Mamanki,
Mai Ɗinki

*

Zuwa ga Mama,

Ina gaisuwa, ina fatan jiki yana ƙara kyau. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya yi yawa.

'Yar ta tafi, Mama. Ta bi mai gyaran ragar, ta bar uwar a tsaye a ɗakin girki, ruwa har idon sawu. Da na kai wurin a karatu, har ɗalibar nan sai da ta share hawaye.

Ga saƙonki daga gadon taga: "Ki gaya wa Mai Ɗinki kada ta yi murna ta ce 'yar ta yi butulci. Kuma ni ma ban yi murna ba. Yarinyar nan ba ta tsira ba. Duk inda ta ga ruwa, ko a kofi ne, uwarta za ta gani."

Rigar matashin nan ki dakata da aiko ta tukuna. Kuma ki rage ɗinki, ki huta.

Saura babi ɗaya.

'Yarki,
Sista

*

Zuwa ga Mama Mai Ɗinki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, duk da ba mu taɓa haɗuwa ba. Ni ne babban ɗan matar da kuka yi jinya tare, wadda kuke kira Uwar Gardama.

Na san an sanar da ke rasuwar mahaifiyarmu, wadda ta faru kwana kaɗan bayan an sallame ki. Ki gafarce ni da ban rubuto da wuri ba, sai yanzu muka samu ƙarfin buɗe jakar da muka dawo da ita daga asibiti. Ga littafinki nan tare da wannan takarda, na samu adireshinki a cikin bangonsa. Ranar da jikinta ya rikice ta ce min, "Na ƙawata ne, a mayar mata. Ka ce mata har yanzu ban ga abin so a ciki ba."

Amma a ƙarƙashin matashinta muka same shi.

In ta taɓa ɓata miki, ki yafe mata. Mun gode da zaman da kika yi da ita.

Ɗanki,
Babban ɗan marigayiya

*

Sista,

Sallama.

Ga takardar ɗanta nan na haɗo miki, ki karanta.

Littafin yana gabana. Ƙamshin man zafin da take shafawa a ƙirji yana jikin kowane shafi. Na kasa rufe shi, na kasa barinsa a buɗe.

Kwana kaɗan bayan an sallame ni! Ke nan tun kafin wasiƙata ta farko ta iso hannunki an riga an ɗauke ta daga gadon nan. Ruwa bai ci lambu ba tana raye. Ba ta ji zuwan mai gyaran raga ba. Ba ta ga tafiyar 'yar ba. To da wa nake ta musu? Wa ya ce min yarinyar za ta ga uwarta a kofin ruwa? Ke yarinya ce, Sista, wannan ba maganar bakinki ba ce.

Ina nan ina yi wa matacciya ɗinki ina dariya, ina kiran abin likkafani. Ko addu'a ban yi mata ba, ko sau ɗaya, saboda ban san tana buƙata ba. Wannan ne ya fi ci min rai.

Na warware ɗinkin. Ki amsa min, kuma kada ki lallashe ni.

Mai Ɗinki

*

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Na durƙusa, ki yafe min. Ba zan lallashe ki ba.

Ranar da ta rasu na kira 'yarki. Ita ta roƙe ni kada in faɗa miki sai kin yi ƙarfi, ta ce ko abinci ba kya ci sosai, zancen ɗakinmu kawai kike. Na yarda. Da wasiƙarki ta zo na yi niyyar in ba ki labarin littafi kawai in tsallake ta. Sai na ga in ban ambace ta ba za ki gane. Na rubuta abin da na san za ta ce. Wannan na farkon ni na ƙaga, laifina ne.

Na biyun ne ban san yadda zan faɗa miki ba.

Kin tuna yadda take katse ni? Sai ta buga gefen gadon ƙarfen nan da zobenta, in tsaya, ta yi magana. Bayan ta tafi, in ina karatu sai in ga na tsaya ni kaɗai a tsakiyar shafi, ba tare da na yi niyya ba. Kuma ba ni kaɗai ba, duk tsofaffin ɗakin sai su juya su dubi taga. Mu yi shiru gwargwadon tsawon maganarta, sannan in ci gaba. Ba wadda ta taɓa cewa komai a kai.

Yanzu akwai wata baiwar Allah a gadon nata, daga nesa aka kawo ta, ba ta san marigayiya ba, ba ta cika magana ba ma. Ranar da 'yar ta tafi a labarin, na tsaya kamar kullum. Sai matar nan, idonta a rufe, ta faɗi maganar kofin ruwan nan. Har da sunanki, Mama. "Ki gaya wa Mai Ɗinki." Da na je ba ta maganin yamma na tambaye ta ina ta san ki. Ta ce wace ce haka? Ta ce ita barci take.

Na gaya wa kaina ta ji ana ambatonki ne a ɗakin. Zai yiwu. Zazzaɓi yana sa mutum faɗin abin da bai sani ba, na sha gani. Amma tun ranar ban sake buɗe littafin ba. Yana cikin durowar teburina, ƙarƙashin safar hannu. Kullum la'asar sai su dube ni, in ce aiki ya yi yawa. Ɗalibar nan jikinta ba daɗi, jiya ta riƙe min riga ta ce, "Sista, ni da na ce yana jan rai, don Allah kada in tafi ban ji ƙarshensa ba."

Tsoro nake ji in karanta a yi magana. Kuma ban san me ya sa ba, ina jin tsoron kada a yi.

'Yarki mai neman gafara,
Sista

*

Zuwa ga 'yata Sista,

Wa alaikumus salam. Na yafe miki, na yafe wa autata, ko da yake ta sha faɗa.

Kada ki bar yarinyar nan tana jira. Ranar da likita ya ba ni ta dawowa awo ta kusa. In na gama da shi zan shigo, in sa takunkumi, ki ajiye min kujera kusa da gadon taga. Ki fito da littafin. In akwai mai magana, da ni take, ba da ke ba. Ban taɓa gudun matar nan tana da rai ba.

Mamanki,
Mai Ɗinki

*

Zuwa ga 'yata Sista,

Sallama. Na iso gida lafiya. Ban iya yi miki sallama da kyau ba, ki yi haƙuri.

Kin ga dai yadda ya ƙare. Ba ɗa, ba jirgi. Matar ta tashi da safe, ba wanda ya roƙe ta, ta naɗe shimfiɗar, ta kulle ƙofar gidan da ba shi da bangon baya, ta hau tudu neman 'yarta.

Da kika rufe littafin na juya mataccen kunnena wajen taga na jira. Baiwar Allahn nan tana ta barcinta. Ban ji komai ba sai fanka.

Uwar Gardama ce ta ci musun, Sista, kuma ba ta zo ta yi min dariya ba. Da tana inda za ta iya zuwa, wallahi da ta zo.

Allah ya ji ƙanta. Ki gaida ɗaliba.

Mamanki,
Mai Ɗinki